Akwatin Rake na Masta Inoke

An haifi Inoke a wani ƙauye da ke bayan garin Labasa, a arewacin Fiji, dab da siririn layin dogon da ƙaramin jirgi ke bi yana jan rake zuwa masana'antar sukari. Mahaifinsa ya ƙare ƙarfinsa a gaban tukwanen tafasa na masana'antar, kullum yana dawowa gida da ƙamshin maɗi a rigarsa. Shi kuwa Inoke karatu ya bi. Ya zama malamin Turanci a sakandare, ya koyar har kansa ya yi fari, aka sallame shi da tabarmi da dogayen jawabai, ya koma gida. Ba a daɗe ba matarsa Miliakere ta gaji da yadda yake gyara mata lafazin waƙoƙin coci, ta ce ya nemi inda zai kai jan bironsa. Haka ya sami kansa a makarantar Madam Naidu, ɗakuna biyu a saman wani shagon yadi a tsakiyar kasuwa, inda ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi ke shirin jarrabawar Turancin da za ta buɗe musu hanyar aiki a Ostareliya. Kowa a garin Masta yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

A jarrabawar nan akwai tambaya guda da ta fi sauran kayar da ɗalibai. Za a ajiye wa mutum zane mai kibiyoyi wanda ke nuna yadda ake yin wani abu a masana'anta, siminti ko bulo ko kwalba ko sukari, a ce ya bayyana shi a rubuce cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Matan da ke iya ɗaura wa marar lafiya ruwa ido rufe sai su zauna suna kallon kibiyoyin kamar da gangan aka zana su don a ci musu mutunci. Wata ta fara daga tsakiya, wata ta tsallake mataki, wata kuma ta cika takardar da nasiha a kan illar zaƙi ga masu ciwon suga. Ƙa'idojin Masta Inoke ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. A fara da jimla guda wadda ta ɗauko aikin daga farkonsa ta dire shi a ƙarshensa. A bi matakai bisa jerinsu, kowanne da kalmar da ke ɗaure shi da na bayansa. A faɗi abin da aka yi wa kayan, a bar sunan wanda ya yi. Ra'ayi kuwa a baro shi a gida.

Sai dai ƙa'idar da aka rubuta a allo ba ta cika zama a kan wadda ta taso daga aikin asibiti ƙafafunta a kumbure ba. Wannan ne ya sa ya ƙera akwatin.

Da ragowar katakon ginin cocin ƙauyensu ya yi shi, a gindin mangwaron gidansa, kuma ya ci masa fiye da shekara. Idan an buɗe murfin sai ga masana'antar sukari a taƙaice: ɗan layin dogo da taragunsa, wuƙaƙen sassara, gungume biyu da ake murɗawa da hannu suna matse rake da gaske, rariya, 'yar tukunyar tagulla a kan risho, gwangwani mai huda-huda da ake wulwulawa da igiya don raba ƙwayar sukari da baƙin maɗi, sai ƙaramin buhu wanda Miliakere ta ɗinka. Duk abin da idonsa ya gani a ranakun da yake kai wa mahaifinsa abincin rana ya sa shi a ciki. Matakan ƙarshe kwaikwayo ne, domin sukari ba ya yin ƙwaya kafin a tashi daga darasi, kuma shi da kansa yakan faɗa wa ɗaliban haka, don ba ya son ƙarya ko a cikin katako. Yakan jera su, kowacce a gaban mataki ɗaya. Rake ya shiga hannun ta farko, ya bi layi, kuma babu wadda za ta miƙa wa ta gaba sai ta faɗi jimlarta da Turanci babu gargada. Daga nan su zauna su rubuta, yatsunsu na manne wa takarda. Wadda ta taɓa riƙe rariya ba ta sake manta cewa ana tacewa kafin a tafasa. Ɗalibansa suka riƙa cin tambayar, masu neman shiga suka yi yawa, har Madam Naidu ta ce za ta buɗe aji na biyu.

Inoke da ƙafarsa ya kai mata Semesa. Ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, kuma Inoke ya girme shi nesa ba kusa ba. Gajere ne kakkaura, ana jin dariyarsa kafin a gan shi. Ya ɗan taɓa koyarwa a firamare, ya yi shekaru yana kaɗa wa baƙi jita a otal-otal na babban tsibiri, sannan ya dawo gida da mata da 'ya'ya ba shi da tsayayyen aiki. Turancinsa a baki kamar an shafa mai, a rubuce kuwa Inoke ya taɓa cewa kamar awaki sun ɓalle daga turke. Tsakanin taubasai babu kunya, babu riƙo. Semesa na kiransa Jan Biro, shi kuma yana ce masa Tulu, ko a gaban limamin coci.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, dangi suka taru a gidan Inoke. Suna zaune a tabarma ana zagayawa da ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe harshe wanda ba a yin magana mai nauyi sai da shi, har da tsohon kawunsu Nemani a wurin zaman manya. Can sai Semesa ya matso, ya sunkuyar da kai, ya sauke murya. Da Inoke ya ga dariyar ta ɗauke, ya san kerekere ke tafe, roƙon da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa a gaban jama'a, wanda hana shi ya fi rasa abin da aka roƙa muni. Ya zaci injin yankan ciyawa ne, ko kwanon rufin da ya ajiye a bayan kicin.

"Taubashi, akwatin nan naka nake roƙo," in ji Semesa. "Ɗalibaina suna kallon zanen kamar an ba kaza madubi. Ka tausaya musu, ko ba don ni ba."

Inoke ya dubi kawu Nemani, kawu yana kallon ƙoƙo. Ya dubi Miliakere, ta juya tana gyara wani kofin da ba ya buƙatar gyara. Da aro ne da sauƙi, amma kowa a tabarmar ya san abin da aka roƙa ta wannan hanya ya tafi ke nan. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ɗauka mana, me zan yi da tarkacen katako? Sai dai ka wanke hannu kafin ka taɓa, Tulu." Aka yi dariya, aka tafa tafin godiya. Da yamma Semesa ya saɓa akwatin a kafaɗa ya fita yana fito.

Da farko Inoke ya lallashi kansa da cewa abin ba zai yi wa Semesa amfani ba, mutumin da ko risho ba ya iya kunnawa ba tare da ya ƙone gira ba. Amma bangon da ya raba azuzuwan na katako ne. A makon nan yana tsaye a gaban allo yana zana gungumen matsa da alli sai ya ji sautin jita. Semesa ya ɗauki jimlolin Inoke, waɗanda ya yi shekaru yana gogewa kalma bayan kalma, ya ɗora su a kan karin wata waƙar masu yankan rake. Ɗaliban suna miƙa wa juna rake suna rerawa, ana jin takun ƙafafunsu a daɓe, ana jin shewa duk lokacin da ruwan raken ya fantsama wa wata. A nasa ajin kuwa kawuna suka karkata wajen bango. Wata ta nemi izinin zuwa shan ruwa, ba ta dawo ba sai da aka kusa tashi, ta shigo tana lasar yatsa.

Sai wata ɗalibar Semesa ta ɗauki darasin da wayarta ta saka a yanar gizo. Bidiyon ya zagaya Labasa, ya ƙetara zuwa Suva, babban birni, ya kai ga 'yan gida da ke Brisbane ta Ostareliya, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta cewa akwatin Masta Semesa ne. Kalmar Masta ɗin ta fi komai tsaya wa Inoke a wuya. Mai sayar masa da kifi a kasuwa ta tambaye shi ko ya ga basirar taubashinsa, ta ƙara da cewa ashe ba shi kaɗai ne mai kai a danginsu ba. Ya biya, ya tafi ya bar kifin a kan teburinta, sai da ta bi shi da shi.

Abin da ya fi cin ransa shi ne Semesa bai taɓa cewa shi ya ƙera ba. Duk wanda ya tambaya yakan ce aikin Jan Biro ne. Amma cikin dariya yake faɗa, mutane kuma sai su ɗauka tsokanar taubasai ce, su yi dariya su wuce. Inoke ya nemi laifin da zai riƙe ya rasa. Ya koma ba ɗalibansa aikin rubutu don ya sami damar tsayawa kusa da bango, hannu a baya, kamar mai duban taswira, alhali kunnensa na can. Rannan ya kama abin da yake nema. Semesa ya yar da matakin zuba farar ƙasa, wadda ke kwantar da dattin ruwan rake, saboda bai hau karin waƙar ba. Ranar Inoke ya ci rogo da kifi har ya nemi ƙari, Miliakere tana kallonsa. Washegari ya tare Semesa a matakala ya gaya masa, a hankali, yadda waɗanda ke hawowa za su ji, cewa yana tura 'ya'yan mutane jarrabawa da sukari mai datti. Semesa ya dafe ƙirji ya yi godiya. Kafin mako ya ƙare an ƙara baiti a waƙar, baitin farar ƙasa, kuma shi ne ɗaliban suka fi ɗaga murya a kansa.

Sakamako ya fito, azuzuwan biyu duk sun yi abin kirki. Inoke bai tambayi wanda ya fi ba, amma ya sani.

Gab da hutun Kirsimeti Madam Naidu ta kira su ofishinta. Ta ce waɗanda suka ci sun tashi, sababbin da suka yi rajista ba su cika ɗaki ɗaya ba, mai shagon ƙasa kuma yana son ɗayan ɗakin don ajiyar yadi. Idan an dawo hutu aji ɗaya za a yi, malami ɗaya. Ta ce ba ta yanke shawara ba tukuna, amma tana faɗa tana kallon Semesa.

Inoke ya koma gida ya zauna a gindin mangwaro, inda har yanzu akwai alamar ƙafafun teburin da ya yi aikin akwatin a kansa. Ya ga abin da zai zama idan babu ajin nan: tsoho mai jan biro a aljihu ba shi da takardar da zai ɗora shi a kai, yana ji daga nesa ana kiran Tulu da sunan Masta, wanda shi ya ƙarar da rayuwarsa kafin ya samu. Miliakere tana kankare kwakwa a bakin ƙofa. Ya ce mata an kwashe gumin mutum an liƙa wa wani, babu wanda ya ko ambaci sunansa.

"Ai kai kake koya musu a faɗi abin da aka yi, a bar sunan wanda ya yi," in ji ta. "To ga shi an bi ƙa'idarka."

Ya ce ba lokacin wasa ba ne, gobe zai je ya karɓo akwatinsa. Sai ta ajiye kwakwar.

"Ka karɓo abin da ka bayar a gaban kawu? To fara nemo mini cocin da zan riƙa zuwa, don ba zan iya shiga namu ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Akwatin ya haramta gare shi har abada. Amma ya daɗe a zaune yana juya zancen, kamar yadda yake juya jimlar da ta ƙi zama, har ya ga inda ƙofar take. Akwatin ne kaɗai ba zai iya roƙa ba. Duk wani abin da Semesa ya mallaka yana nan a buɗe, kuma bakin da Semesa ya roƙa da shi, shi ma yana da irinsa.

Ranar Asabar ya dawo daga kasuwa da damin saiwar yangona mai kyau, irin wanda ake gabatarwa kafin babbar magana, naɗe a jarida an ɗaure da zare. Miliakere ta dubi damin, ta dubi farar rigar da ya sa, ta gane. Ta ce masa a hankali Semesa yana da yara a makaranta. Ya biya ya ɗauki kawu Nemani, domin yana son a yi abin a gaban idon da aka yi na farko.

Sun sami Semesa a barandarsa ta bakin kogi tare da matarsa da wasu maƙwabta. Da ya hango su ya fara dariya tun daga nesa.

"Jan Biro da saiwa a hannu? Wa ya mutu? Ko wani waƙafi ne ya ɓata ka fito cigiya?"

Inoke ya zauna, ya ajiye damin a tsakiyar tabarma, ya sunkuyar da kai. Ya yi gabatarwar da aka saba, ya ambaci kakanni da zumuncin da ya haɗa gidajen biyu, cikin jimlolin da ya shirya tun a hanya, babu wadda ta karkace. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Taubashi, ajin nake roƙo. Ka je wurin Madam ka ce ka janye."

Semesa ya dubi matarsa, ya dubi akwatin da ke lungu an lulluɓe shi da ƙyalle mai furanni. Inoke bai taɓa ganin fuskar nan babu dariya na tsawon haka ba, sai a lokacin ya lura da yadda take kama da ta gwaggonsa. Ya so ya ce wasa yake yi. Daga ƙarshe Semesa ya ɗora hannu a kan saiwar, ya tafa tafin karɓa, sauran suka bi shi.

"Naka ne. Da ma kai ka kai ni," in ji shi. Ya waiwayi lungun. "Akwatin fa?"

"Akwatin na ba ka."

"Na sani. So nake in ji ko ka tuna."

Aka jiƙa yangonar aka sha, kawu Nemani ya yi addu'ar zumunci, ya ɗan ja ta fiye da yadda ya saba.

Bayan hutu Inoke ya koma ajinsa, shi kaɗai, babu jita a bayan bango, sai dilolin yadi. Yana koyarwa da alli da sandar rake guda da wuƙa. Ɗaliban masu ladabi ne, suna miƙewa idan ya shigo. Amma da zarar ya raba zanen ya ce a fara rubutu, sai ya ga leɓɓansu suna motsi. Sun haddace waƙar daga wayoyinsu tun kafin su yi rajista, har da baitin farar ƙasa. Ya hana, suka rufe baki, ƙafafunsu suka ci gaba da taku a ƙarƙashin tebur. Suka shiga jarrabawa suka ci, Madam Naidu ta yaba masa a gaban kowa, ya karɓi yabon yana kallon taga.

Semesa ya koma kaɗa jita a wani otal da ke ƙetaren tsauni, yana barin iyalinsa kwanaki a mako. Ranakun da yake gida yakan ɗora akwatin a bayan motar kaya ya zagaya zaurukan cocin ƙauyuka, yana koya wa duk wanda ya zo, a sallame shi da gwaza ko ayaba. Sau da dama Inoke yana cikin bas ya hango taro a ƙarƙashin rumfa, ya jiyo karin da ya sani, sai ya juya ɗaya gefen ya ƙura wa gonakin rake ido har a wuce. Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa a coci, suna zama tabarma ɗaya a biki da makoki. Abu guda ne ya sauya: Semesa ya daina ce masa Jan Biro. Masta yake ce masa, da ladabi, kamar kowa.

A wannan shekarar Inoke ya fito da teburinsa gindin mangwaro ya fara ƙera wani akwatin, na yadda ake yin man kwakwa, tun daga fasawa har zuwa cikin kwalba. Ya fi na farko kyau, kuma bai kai shi aji ba tukuna. Yana ajiye tsohuwar tabarma a kusa da hannunsa. Wata rana da la'asar yana cikin goge wani ɗan gungume ya ji tarin Semesa a bakin shinge, ya yi wuf ya jefa tabarmar a kan aikin. Semesa ya shigo ya gaishe su, Miliakere ta kawo shayi da burodi. Suka yi hirar ruwan sama da ciwon gwiwar kawu Nemani, idon baƙon yana komawa kan tebur.

"Masta, me ka rufe haka?"

"Rogo ne."

Semesa ya sunkuya ya leƙa gefen da tabarmar ba ta kai ba, inda wani ɗan hannun murɗawa ya leƙo waje. Ya kurɓi shayinsa a hankali, kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Rogo mai mariƙi. To Allah ya sa ya yi gari, Jan Biro."

Sunan ya yi wa Inoke daɗi fiye da yadda zai yarda ya faɗa, kuma a cikin daɗin ya tuna cewa wanda ya dawo da tsokana zai iya dawowa da roƙo. Ya raka Semesa har bakin hanya, ya tsaya sai da ya ga ya sha kwana. Sannan ya dawo ya ce wa Miliakere ta kama masa gefe ɗaya, suka kinkimi akwatin suka tura shi ƙarƙashin gado, can ciki wajen bango.